Yaƙi da Tsargiya: Kada a Sayar da Kare a Sayi Biri

Da zarar ruwan sama ya ɗauke a arewacin Jihar Zamfara, gulbin Gagare wanda ya bi ta Ƙaura Namoda ya nufi ƙasar Shinkafi, da gulbin Bunsuru wanda ya ratsa ƙasar Zurmi, sukan janye su koma cikin yashi, su bar tafkuna da kududdufai birjik a fadamu. A waɗannan ruwaye ne yara ke wanka da tsakar rana, mata ke wanki, masu lambu ke ban ruwa, makiyaya kuma ke shayar da dabbobinsu. A cikinsu ne kuma cutar tsargiya, wato fitsarin jini, take samun hanyar shiga jikin mutane kowace shekara a ɓoye, har ta kai wasu iyaye suna ɗaukar jinin da ke fita a ƙarshen fitsarin yaro tamkar alamar balaga. Alhali kuwa wannan jini alama ce ta tsutsa da ke yi wa mafitsarar yaron rauni.

An daɗe ana raba maganin wannan cuta a makarantun ƙasar nan, kuma aiki ne abin yabo. Amma binciken masana na shekarun baya-bayan nan ya nuna cewa ƙwayar magani ita kaɗai ba ta raba gari da tsargiya, sai an haɗa da kula da ruwan da cutar ke fitowa daga cikinsa, musamman halittun da ke cin katantanwar da ke goyon tsutsar. Wannan bincike ya zo da bushara, ya kuma zo da kashedi, domin a wurare da dama na duniya an taɓa shigo da baƙuwar dabba mai farauta don ta yi maganin wata ɓarna, ita kuwa ta juya ta ƙarar da halittun ƙasar da ta sauka. Saboda haka abin da ya dace da Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi shi ne a san masu cin katantanwa na gida, a kare su, a auna amfaninsu, a kuma rufe ƙofa ga duk wanda zai zo da baƙo daga waje.

Kafin mai karatu ya ga dalilin wannan ra'ayi, sai ya san yadda cutar ke tafiya. Cikin 1851 ne wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ya fara ganin tsutsar a jijiyoyin wata gawa a wani asibiti na birnin Alƙahira. Cikin 1915 kuma wani masani ɗan Birtaniya, Robert Leiper, ya tabbatar a can Masar ɗin cewa tsutsar ba ta iya kama mutum sai ta fara zama a jikin katantanwar ruwa. Idan mai cutar ya yi fitsari a tafki, ƙwan tsutsar yakan ƙyanƙyashe nan take, ɗan abin da ya fito kuwa sa'o'i kaɗan gare shi ya sami katantanwa irin wadda ta dace da shi, in bai samu ba ya mutu. In ya samu sai ya shige jikinta ya yi ta hayayyafa, bayan kamar wata guda ta fara zubo 'ya'yansa ɗaruruwa cikin ruwa kowace rana, galibi daga hantsi zuwa azahar, wato daidai lokacin da zafi ke kora yara zuwa iyo. Waɗannan 'ya'ya su ke huda fatar mutum, su bi jini, su girma, su zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara shekara da shekaru suna zuba ƙwai. Ƙwan da ke maƙalewa cikin nama shi ke kawo jini a fitsari, da ƙarancin jini a jiki, da kasalar da ke hana yaro karatu, da ciwon ƙoda, da miki a gaban mata, ga wasu kuma bayan shekaru abin ya kai ga sankarar mafitsara. Akwai kuma tsargiyar hanji, wadda ƙwanta ke fita ta bayan gida, ita ma ta katantanwa take bi.

Abin lura a nan shi ne, tsargiya ba ta tsallakawa daga mutum zuwa mutum kamar mura ko ƙyanda. Gada ɗaya tak gare ta, ita ce katantanwa, in an karya gadar kuwa cuta ta tsaya.

Maganin da ake rabawa, wato praziquantel, kamfanonin Jamus guda biyu, Bayer da Merck, suka samar da shi cikin shekarun 1970. Tun daga 2007 kamfanin Merck ya fara ba da shi kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, daga baya ya ɗaga alkawarinsa zuwa ƙwaya miliyan 250 a shekara. Hukumar ta ƙiyasta cewa cikin 2021 mutum fiye da miliyan 251 ne a duniya ke bukatar wannan magani, mafi yawansu a Afirka, Nijeriya kuwa tana sahun gaba cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa. Magani ne mai kyau, yana kashe manyan tsutsotsin da ke cikin jiki, yana tsai da jini, yana hana raunin mafitsara yin nisa. Sai dai ba ya hana sabon kamu. Yaron da ya sha magani ranar Litinin a makaranta, in ya faɗa tafki ranar Talata, katantanwa tana nan tana jiransa da sabbin 'ya'ya. Aikin ya zama shara a gaban iska, kowace shekara a share, kowace shekara ƙura ta dawo.

A arewacin Zamfara akwai wata matsala a kan wannan. Rabon magani ya fi dogara ga makarantun boko, makarantun kuwa ba kullum suke buɗe ba. Cikin watan Satumba na 2021, bayan sace ɗalibai a garin Kaya na Ƙaramar Hukumar Maradun, gwamnatin jiha ta rufe makarantu baki ɗaya. Ko lokacin da suke buɗe ma, akwai almajirai, da 'ya'yan makiyaya, da yaran da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu, waɗanda sunansu ba ya cikin rajistar kowane aji, ga shi kuwa su ne suka fi kowa zama a bakin ruwa. Yaro ɗaya da magani bai kai gare shi ba ya isa ya sake cika katantanwar tafki guda da tsutsa.

Wani nazari da aka buga cikin 2016 ya bi tarihin yaƙi da tsargiya a ƙasashe da yankuna 83 na tsawon kusan shekara ɗari. Ya gano cewa inda aka haɗa da yaƙar katantanwa sosai cutar ta ragu da kimanin kashi 92 cikin 100, inda kuwa aka yi sakaci da katantanwa raguwar ba ta wuce kimanin kashi 37 ba. Japan ta rabu da cutar ne musamman ta wannan hanya, tun kafin praziquantel ya yawaita. Akwai gubar da ake zubawa a ruwa don kashe katantanwa, mai suna niclosamide, kuma tana aiki, amma tana da tsada, dole a yi ta maimaitawa, sa'an nan tana kashe kifi da kwaɗi tare da katantanwar. Wannan ne ya sa masana suka waiwayi halittun da tun asali katantanwa ce abincinsu.

Darasi mafi girma a kan wannan daga Senegal ya fito. Cikin 1986 aka kammala madatsar ruwa ta Diama a kan kogin Senegal, kusa da birnin Saint-Louis, don a hana ruwan gishiri na teku hawowa, a kuma buɗe noman rani. Cikin 1988 tsargiyar hanji ta ɓulla a Richard Toll, garin gonakin rake, inda a da ba a san ta ba, kafin a ankara ta kama mafi yawan mutanen garin. Ruwa ya kwanta, ciyawa ta rufe shi, magudanan ban ruwa sun yawaita, duk waɗannan sun yi wa katantanwa daɗi. Amma akwai wani dalili da ba a lura da shi ba sai daga baya. A kogin akwai wani babban jatan lande, ɗan'uwan ƙananan nan da ake sayar da busassunsu don miya, wanda ke cin katantanwa ƙwarai. 'Ya'yansa ba sa rayuwa sai a bakin teku inda ruwan daɗi ya gauraya da na gishiri, in sun tasa su hauro kogi. Madatsar ta datse wannan hanya, jatan lande ya ɓace daga saman kogi, katantanwa ta sami sake.

Wasu masanan Amurka da na Senegal, a ƙarƙashin jagorancin Susanne Sokolow, suka yi gwaji a ƙauyen Lampsar. Suka kewaye mashigin ruwan ƙauyen da raga, suka zuba jatan lande a ciki, suka ba mutanen ƙauyen magani, suka kuma ba mutanen wani ƙauye maganin ba tare da sun zuba musu jatan lande ba. A sakamakon da suka buga cikin 2015, bayan wata 18 katantanwa mai ɗauke da tsutsa ta ragu da kashi 80 cikin 100 a Lampsar in an gwada da ɗaya ƙauyen, masu cutar sun ragu da kashi 18, yawan ƙwan da ke jikinsu kuma ya ragu da rabi. Gwaji ne ƙarami na ƙauye biyu, su kansu masanan sun faɗi haka, amma ya nuna hanya. A Tafkin Malawi ma masu bincike sun danganta ƙaruwar tsargiya a wasu garuruwan bakin tafkin da yawan kama kifayen da ke cin katantanwa.

To, wanda ya ji wannan labari zai iya cewa, me ya hana a nemo irin wannan halitta a zuba a tafkunan Zamfara? Shi dai jatan landen Senegal ba zai hayayyafa a nan ba, domin tsakanin gulbin Gagare da teku tafiya ce mai nisa ƙwarai, ta Rima zuwa Kwara, ga madatsun Kainji da Jebba a hanya. Wanda zai iya hayayyafa a tafki kuwa, in baƙo ne, shi ne abin tsoro, tarihi kuma cike yake da misalai.

Babu Bahaushen da bai san giwan ruwa ba, shi ne kifin da ake alfahari da kamawa a bikin su na Argungu. A gulaben ƙasar Hausa ɗan gida ne, sauran kifaye sun saba zama da shi tun fil'azal. A Tafkin Biktoriya kuwa, wanda ke tsakanin Yuganda da Kenya da Tanzaniya, babu shi a da, sai cikin shekarun 1950 da farkon 1960 aka zuba shi don a bunƙasa sana'ar su. Ya yi shiru kusan shekara ashirin, cikin shekarun 1980 ya cika tafkin. A wannan tafki akwai ƙananan kifaye kusan iri 500 waɗanda ba a samunsu ko'ina a duniya, masana kuwa sun ƙiyasta cewa kimanin iri 200 daga cikinsu sun ɓace, ko da yake gurɓacewar ruwa ita ma ta taimaka. Cikin waɗanda suka ragu har da masu fasa katantanwa su ci. Kifi ɗaya ke nan, abin alfahari a Kabi, annoba a Biktoriya, bambancin kawai shi ne a can baƙo ne.

Misali na biyu ya fi kusa da batun da ake ciki. A tsibirin Moorea da ke cikin tekun Fasifik, babban dodon koɗin Afirka da aka kai can ya addabi gonaki. Cikin 1977 hukuma ta shigo da wani dodon koɗi mai cin 'yan'uwansa, ɗan asalin jihar Florida ta Amurka, don ya cinye shi. Sai baƙon ya ƙyale wanda aka kawo shi dominsa, ya hau itatuwa ya bi ƙananan dodon koɗi na tsibirin, waɗanda masana ke kira Partula, domin sun fi sauƙin kamawa. Cikin shekara goma kusan dukkansu suka ƙare a daji, aka koma kiwon 'yan ragowar a gidajen ajiye dabbobi na Turai da Amurka, shi kuwa dodon koɗin Afirka yana nan yana cin gonaki. An sayar da kare an sayi biri, tsugune bai ƙare ba.

Ko a fagen yaƙi da cututtuka an yi irin wannan kuskure. Wani ɗan kifi na Amurka mai suna Gambusia an yaɗa shi a duniya tun farkon ƙarni na 20 don ya ci 'ya'yan sauro a rage zazzaɓin cizon sauro, ya je ya cinye ƙwan kifaye da na kwaɗi na ƙasashen da aka kai shi, har sunansa ya shiga jerin baƙin halittu 100 mafi ɓarna a duniya. A Kenya kuma, wani jatan lande mai manyan hannuwa daga jihar Louisiana ta Amurka, wanda aka zuba a Tafkin Naivasha cikin 1970, bincike ya nuna yana cin katantanwa yana rage tsargiya, amma yana cinye tsirran ruwa, yana haƙe gaɓar magudanai, a wasu ƙasashe kuma yana ɓata gonakin shinkafa. Manomin fadamar Shinkafi ba ya bukatar irin wannan mai taimako. Wani ƙididdiga da aka buga cikin 2016 ya nuna cewa baƙin dabbobi masu farauta, irin su kyanwa da ɓera da kare, suna da hannu a ƙarewar tsuntsaye iri 87, da dabbobi masu shayarwa iri 45, da masu jan ciki iri 10, kyanwa ita kaɗai tana da hannu a iri 63. Guba takan salance da tafiyar lokaci, magani in ya ba da matsala a daina sha, amma halittar da ta hayayyafa a gulbi babu mai iya kiranta ta dawo.

Ba a rasa masu cin katantanwa a ruwayen Zamfara ba. Na farko ita ce gaiwa. Cikin 1985 masu bincike a Sudan suka ba da rahoton cewa gaiwa tana cin katantanwar tsargiya ƙwarai, kuma irin gaiwar da suka gwada ita ce wadda ke fadamun Afirka ta Yamma. Abin sha'awa game da ita shi ne yadda zamanta ya dace da tafkin da ke ƙafewa. Katantanwar tsargiya takan shige cikin laka ta yi barcin rani, ruwan farko na faɗuwa ta farka. Haka ita ma gaiwa take yi, ta naɗe a cikin laka har damina, ta farka da yunwa a tafki ɗaya da katantanwar, tun kafin ambaliya ta kawo wasu kifaye. Tarwaɗa ma an gwada ta a Habasha an ga tana cin katantanwa, kurungu kuma masu nazarin kifi sun sha samun ɓawon katantanwa a cikinsa. Waɗannan duka 'yan gida ne, ba za su ƙarar da kowa ba, kuma in sun yawaita riba ce ga masunta.

Abin takaici shi ne yadda ake ƙarar da su. Akwai masu zuba maganin ƙwari a tafki su kwashe duk abin da ya taso, kamar yadda aka daɗe ana yi da gamalin. Akwai masu mai da gidan sauro, wanda aka raba don kare yara daga zazzaɓi, ya zama komar kamun kifi, ba ya barin ko ɗan tsako. Akwai kwalfe tafki da injin ban ruwa a tsince kifi da hannu, da tone gaiwa daga laka da rani har ba a bar iri ba. Duk wanda ya yi haka, ko bai sani ba, ya kori mai gadin tafki ya bar wa katantanwa gida. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta su da guba ko nakiya, ta kuma hana shigo da kifi mai rai ko wata halittar ruwa daga waje ba tare da izinin minista ba. Tun kafin wannan doka ma ƙasar Hausa tana da nata tsari, Sarkin Ruwa shi ke rufe tafki ya buɗe shi ranar su, kamar yadda ake tsare Matan Fada a Argungu har ranar biki. Wannan tsohuwar al'ada a yau tana da hujja ta kiwon lafiya a bayanta.

Akwai kuma wani aiki mai sauƙi da bincike ya tabbatar. A wani gwaji da aka yi a ƙauyuka 16 na Senegal, aka buga sakamakonsa cikin 2023, an riƙa cire ciyawar ruwa da katantanwa ke maƙalewa a jikinta daga mashigan ruwa, aka ga kamuwa da tsargiyar hanji ya ragu a tsakanin 'yan makaranta, ita kuwa ciyawar aka mai da ita taki da abincin dabbobi. Aikin gayya ne da manjagara, ba ya bukatar kuɗin waje, sai dai masu shiga ruwan su sa takalmin roba mai tsawo da safar hannu.

Kada a ɗauka cewa waɗannan dabaru za a kwafo su kawai a zuba. Tarwaɗa mai cin komai ce, in ta sami abin da ya fi katantanwa laushi za ta iya ƙyale ta. Tarwaɗar gidan gona kuma sau da yawa 'yar aure ce, zuba ta a gulbi barkatai wata ɓarna ce ta daban. Gaiwa nawa tafki ɗaya yake bukata, wace irin katantanwa ce ke wane tafki, a wane wata take zubo 'ya'yan tsutsa, duk waɗannan sai an je bakin ruwa an auna. Gwajin fitsarin 'yan makaranta yana nuna yawan masu cuta, amma ba ya nuna tafkin da suka ɗauko ta.

Irin wannan bincike ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka yi nazarin zazzaɓin cizon sauro a ƙasar Garki, wadda yanzu ke Jihar Jigawa, kuma har gobe masana na amfani da abin da aka samo. Cikin shekarun 1970 masanan Liverpool ta Ingila da na Jami'ar Ahmadu Bello suka zauna a ƙasar Malumfashi suna nazarin tsargiya, har suka riƙa zama a bakin madatsar Ruwan Sanyi suna rubuta wanda ya shiga ruwa, da lokacin da ya shiga, da abin da ya kai shi, suka gano cewa yara maza da samari su ne ke zuba mafi yawan ƙwan tsutsar a ruwa. Abin da aka iya yi a Malumfashi a wancan zamani ba zai gagara a Ƙaura Namoda yau ba, garin da ke da Kwalejin Fasaha ta Tarayya tun 1983. Ga Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa cikin 2013, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ga kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa. Ɗalibin da ya fito daga Zurmi ko Moriki ko Shinkafi ya san tafkunan garinsu da sunayensu, yana iya shiga inda baƙo ba zai shiga ba. Abin da yake bukata shi ne rariya, da kwalba, da takalmin roba, da madubin likita, da malami mai duba aikinsa, da ɗan kuɗin mota.

Wani zai ce, mutanen da ke barci da ido ɗaya saboda 'yan bindiga, ina ruwansu da katantanwa? Tambaya ce mai nauyi, kuma babu mai musun cewa tsaro shi ne kan gaba. Amma rashin tsaron shi ke ƙara wa wannan batu muhimmanci. Idan jama'ar ƙauyuka suka gudo gari, sukan taru ne a kan 'yan ruwayen da ke kusa, mai cuta da marar cuta a tafki ɗaya. Ma'aikacin lafiya kuma sai hanya ta yi kyau kafin ya kai magani ƙauye, wani lokaci ma sai da rakiya. Gaiwar da ke cikin tafki kuwa ba ta bukatar rakiya, ba ta jiran a buɗe makaranta. Wani kuma zai ce masunta fa, da me za su ci? Ba a ce a hana su ba. Cewa aka yi a hana guba da gidan sauro, a bar iri a laka, a rufe tafki na 'yan watanni, wanda kowane tsohon masunci ya san yana ƙara girman kifi ranar buɗewa.

Ƙasar nan ta taɓa cin irin wannan yaƙi. Cikin 1988 an ƙidaya masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Kurkunu ba shi da ƙwayar magani, ba shi da allurar rigakafi. Abin da ya kawar da shi shi ne sanin hanyarsa, wato ɗan ƙwaron da ke cikin ruwan sha, aka bi ta tace ruwa da ƙyalle, da hana mai kurkunu shiga tafki, da gina rijiyoyi, da 'yan sa-kai na ƙauye, Janar Yakubu Gowon kuma ya yi ta zagaya ƙauyuka yana jan hankalin shugabanni. An ga mai cutar na ƙarshe cikin 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Nijeriya takardar shaida cikin 2013. Tsargiya ta fi kurkunu wuya, domin ko ba a sha ruwa ba taɓa shi kaɗai ya isa, amma tana da magani, wanda kurkunu bai samu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar da take fatan tsargiya ta daina zama babbar matsala ga lafiyar jama'a, lokacin kuwa ya ƙarato.

Saboda haka ya zama wajibi ga ma'aikatun lafiya da na gona da na ruwa na Jihar Zamfara su haɗa kai da ƙananan hukumomin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi a kan abubuwa huɗu. Na ɗaya, a ci gaba da rabon magani, a faɗaɗa shi zuwa makarantun allo da rugage da wuraren da 'yan gudun hijira suka sauka. Na biyu, a ware kuɗi, ko kaɗan ne, ga ɗalibai da malamansu don su zana taswirar tafkunan kowace gunduma, su nuna inda katantanwa mai cuta take da irin kifin da ke tare da ita, sa'an nan a zaɓi tafkuna kaɗan a gwada tsare gaiwa da cire ciyawa, a kwatanta da waɗanda ba a taɓa ba. Na uku, a ƙarfafa wa sarakunan ruwa da dagatai gwiwa su hana su da guba da gidan sauro, duba-gari kuma su tsaya a kan gina masai da gyaran burtsatse, domin yaron da ke da famfo a unguwarsu ba kullum zai nufi kududdufi ba. Na huɗu, duk wani kamfani ko ƙungiya da ta zo da shawarar zuba wata baƙuwar halitta a gulbi, komai daɗin alkawarinta, ma'aikacin da takardar ta zo teburinsa ya tuna da Biktoriya da Moorea kafin ya sa hannu, kada garin neman gira a rasa ido.